Yadda ake ciro lambobin shaidar laftop daga fayil ɗin BIOS kafin a yi mata falashin

A ƙarshen damina wani malamin makaranta ya taso tun daga Wara ya same ni a shago nan Yelwa, da laftop ɗinsa a naɗe cikin sallaya. Bayan mun gaisa ya ce, "Injiniya, kwanaki ta mutu, na kai wani wuri aka tashe ta. Tana aiki lafiya lau, sai dai kullum tana ce mini Windows ɗina ba shi da lasisi, kuma lambar da take nunawa ba ita ce a rasit ɗina ba." Na kifa ta na duba cikinta. Takardar da kamfani ke mannawa a ƙasa ta goge fes, zufar hannu da laimar bakin ruwa sun cinye rubutun. Na ce, "Malam, wanda ya yi maka aikin ya ajiye abin da ya karanto daga cikinta kafin ya rubuta sabo?" Aka buga waya aka tambaya. Ba a ajiye ba. An sauko da fayil ɗin wata na'ura daga intanet, an danna mata a kai, an shafe nata.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin aikin da bai wuce rabin awa ba ne zai hana wannan asara. Lambar siriyal mun mayar masa da ita daga rasit. Lasisin Windows ɗin da ya biya kuɗinsa a cikin kuɗin na'urar kuwa ya tafi ke nan. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, musamman saboda yaranmu masu koyon gyara a Yelwa da Shanga da Birnin Yauri, waɗanda hannunsu ya faɗa da falashin, wato shafe BIOS a rubuta sabo, amma ba a nuna musu abin da ke kwance cikin ƙwayar da suke shafewa ba.

A kan bod ɗin kowace laftop akwai wata 'yar baƙar ƙwaya mai ƙafafu takwas, ba ta kai ƙwayar wake ba, masu gyara na kiranta aisin BIOS. A cikinta umarnin da ke tayar da na'ura yake, kuma a yawancin na'urori a cikinta kamfani ke rubuta sunan yankan na'urar: sunan samfuri, lambar siriyal, wata doguwar lamba da ake kira UUID, wani lokaci lambar MAC ta kafar wayar intanet, sannan tun daga Windows 8 da ya fito a 2012, har da lasisin Windows. Umarnin tayarwa iri ɗaya ne a duk na'urorin samfuri ɗaya, ana samunsa a shafin kamfani. Lambobin nan kuwa na na'ura ɗaya ne tak. In sun tafi, babu inda za ka sauko da su.

Fara tambayar na'urar da kanta

In laftop tana tashi, ko da da ƙyar ne, kada ka kwance ko noti ɗaya sai ka tambaye ta. Buɗe Command Prompt ka rubuta wmic bios get serialnumber, za ta ba ka siriyal. Rubuta wmic csproduct get uuid, za ta ba ka UUID. Don lasisi, rubuta wmic path softwarelicensingservice get OA3xOriginalProductKey. Lambar MAC kuma getmac /v ke fito da ita. A sababbin Windows 11 za ka iya tarar an cire wmic, sai ka buɗe PowerShell ka rubuta Get-CimInstance Win32_BIOS, da Get-CimInstance Win32_ComputerSystemProduct. Mai amfani da Linux umarnin dmidecode ya ishe shi. Ɗauki hoton allon da wayarka, ka kuma rubuta a littafin shago.

In ba ta tashi, nemi lambobin a jikinta: ƙasan na'ura, ƙarƙashin batir, cikin murfin ƙasa, kusa da ramin RAM, kwalin da ta zo a ciki, rasit. Ko haruffa huɗu kawai ka iya karantowa daga gogaggiyar takarda, rubuta su. Nan gaba za su zame maka fitila.

Karanta ƙwayar

Kayan aikin ba su da yawa. Firogirama, wato na'urar karanta ƙwaya da rubutu a kanta, wadda aka fi samu da araha ita ce CH341A, masu hali kuma suna da RT809F ko TL866II Plus. Kilif mai kama ƙafafu takwas. Adaftar bolt 1.8. Mita. Wata kwamfutar mai lafiya da manhajar NeoProgrammer ko AsProgrammer, da HxD, da UEFITool, duk kyauta ne. Ni dai shawarata, kwamfutar da za ka yi aikin da ita ta kasance laftop mai cikakken caji. Duk da muna zaune a gefen tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968, kowa ya san wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki, kuma yankewar wuta a lokacin rubutu kan ƙwaya ba ƙaramar matsala ba ce.

Zare caja, cire babban batir, cire ƙaramin batirin agogo mai kama da kwabo. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe har riga ke tartsatsi, taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka taɓa bod.

Yanzu karanta rubutun da ke bayan ƙwayar da madubin ƙara girma, kada ka yi cinke. Za ka ga sunan Winbond ko Macronix ko GigaDevice. Lambar tana faɗa maka girma: 25Q32 megabayit 4 ce, 25Q64 megabayit 8, 25Q128 megabayit 16, domin lambar megabit take ƙirgawa, sai ka raba da takwas. Haruffan ƙarshe kuma suna faɗa maka wutar da take sha. A Winbond, masu ƙarewa da FV ko JV na bolt 3.3 ne, masu FW ko JW na bolt 1.8 ne. A Macronix, MX25L na bolt 3.3, MX25U na 1.8. Wanda ya ɗora wutar 3.3 a kan ƙwayar 1.8 ba tare da adafta ba, yana iya ƙona ta tare da duk abin da ya zo nema. Haka kuma da yawa daga baƙaƙen CH341A suna fitar da bolt 5 a ƙafafun saƙo maimakon 3.3. Auna taka da mita tun ranar da ka saye ta, in ka ga 5 ka gyara ta kafin ta taɓa na'urar mutane.

A kusurwar ƙwayar akwai ɗan ɗigo, shi ne ƙafa ta ɗaya. Jar wayar kilif can take zuwa. A nan Yauri, na'urar da ta daɗe a gidajen bakin ruwa ko ta sha tafiya a jirgin ruwa, ƙafafun ƙwayarta kan yi wani kore-kore na tsatsa. Goge su da burushin haƙori da ɗan sifirit, ka bari su bushe, sannan ka maƙala kilif. Danna Detect. In manhaja ta kawo sunan da ka karanta da idonka, madalla. In ta kawo wani suna daban ko ta ce ba ta ga komai ba, gyara zaman kilif. In ta ƙi sau uku, bod ɗin ne ke shanye wutar, sai ka ɗaga ƙwayar da bulowa ka karanta ta a waje.

Danna Read, ka ajiye. Kada ka motsa kilif, sake danna Read, ka ajiye da wani suna. Sannan ka cire kilif, ka sake maƙala shi, ka karanta na uku. Wannan shi ne matakin da yara suka fi tsallakewa saboda gaggawa, kuma a wurina shi ne ginshiƙin aikin duka. Buɗe HxD ka danna Ctrl+K ka gwada fayilolin biyu-biyu, ko ka rubuta fc /b da sunayensu a Command Prompt. Dole su zama iri ɗaya, bayit da bayit. Girman fayil ma dole ya yi daidai: ƙwayar megabayit 8 tana ba da bayit 8,388,608, ta 16 tana ba da 16,777,216. In ka buɗe ka ga FF daga sama har ƙasa, ko 00 zalla, ba ka karanto komai ba, kilif ne bai kama ba.

Sa wa fayil ɗin suna mai ma'ana, da samfuri da lambar bod da kwanan wata, ka kwafe shi wuri biyu, ɗaya a kwamfuta ɗaya a filashi. Daga nan ba ka ƙara taɓa na asalin, a kan kwafi kake aiki. Duba bod kuma da kyau, domin wasu na'urori ƙwaya biyu gare su. Karanta duka biyun.

San unguwannin fayil ɗin

Buɗe kwafin a UEFITool. A na'urar Intel za ka ga ya rabu kashi-kashi kamar unguwannin gari: Descriptor, wanda shi ne taswira, yana cin kilobayit 4 na farko, sai GbE, kashin kafar intanet, in akwai, sai ME, sai BIOS a ƙarshe. In kana son tabbatar da cewa karatunka ya fara daga inda ya kamata, duba layi na biyu a HxD, adireshi na 10 a lissafin heks, za ka ga 5A A5 F0 0F. Wannan hatimin taswirar Intel ne. Na'urar AMD ba ta da shi, kada rashinsa ya tayar maka da hankali.

Lambar MAC ita ce mafi sauƙin kamu in akwai kashin GbE. Danna shi a UEFITool ka ga adireshin da ya fara, yawanci 1000 ne, ka koma HxD ka danna Ctrl+G ka rubuta adireshin. Bayit shida na farko su ne MAC, a jere yadda suke. In babu GbE, galibi kafar intanet ɗin ba ta Intel ba ce, ta Realtek ce, kuma lambar tana iya zama cikin ƙwayar Realtek ɗin kanta ko a wani wuri cikin kashin BIOS. Ta Wi-Fi kuwa a katin Wi-Fi take, ba ruwanta da wannan fayil.

Kada wani ya raina wannan lamba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, cibiyoyin jarrabawa da makarantu suna sayen laftop iri ɗaya da dama su jona su a waya ɗaya. Mai gyaran da ya ɗauki fayil guda ya rubuta wa biyar daga cikinsu, da GbE ɗinsa da komai, ya ba su MAC ɗaya ke nan. Ranar da aka kunna su tare za su riƙa ture juna daga layi, mai cibiya ya yi ta canza waya yana zargin abin da ba shi da laifi.

Farautar siriyal

Nan ne haƙuri ke aiki. A HxD danna Ctrl+F, zaɓi neman rubutu, ka sa siriyal ɗin da ka samo, ko gutsuren da ka iya karantowa, ka ce a nemo duka. In ba ka da ko harafi ɗaya, sanin fasalin lambar kowane kamfani zai taimake ka. Ta HP haruffa goma ce, takan fara da 5CD ko 5CG ko CND ko CNU. Ta Dell, wadda suke kira Service Tag, bakwai ce. Ta Lenovo galibi takwas, da yawa suna farawa da PF ko PC ko R9. Ta Acer doguwa ce, 22, ta laftop takan fara da NX. Sa waɗannan haruffan farko ka nema, ko ka nemi sunan samfurin, domin siriyal ba ta cika nisa da shi ba.

In bai fito ba, kada ka ce babu. Rubutu a cikin BIOS iri biyu ne. Akwai wanda haruffa ke manne da juna, inda 5CD ke zama 35 43 44. Akwai kuma wanda ake raba kowane harafi da sifili biyu, ya zama 35 00 43 00 44 00, a gefen dama na allo ka gan shi kamar 5.C.D. da ɗigo a tsakani. Koma akwatin nema ka canza zuwa Unicode ka sake gwadawa. Sau da yawa abin da ya ƙi fitowa a nema na farko a nan yake ɓoye. Akwai kuma sassan da aka matse don su rage girma, HxD ba ya ganin cikinsu, amma UEFITool yana warware su, sai ka yi nema a can ma.

Idan ka dace, za ka ga wani ɗan tsibiri na rubutu mai karantuwa a tsakiyar tekun FF: sunan samfuri, siriyal, lambar kaya, lambar bod, kusa da juna. Masu gyara na kiran wurin DMI. A HP za ka ga lambar kaya mai alamar # a cikinta, da wasu dogayen jeri da suke kira Feature Byte da Build ID. Kwafe su duka, harafi babba da ƙarami yadda suke, domin a Feature Byte babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne. In siriyal ta fito a wuri biyu ko uku, rubuta adireshin kowanne.

Wasu kamfanoni ba sa barin abin a fili. A Lenovo IdeaPad da yawa, nemi kalmar LENV, za ka tarar da ita a wuri biyu, abin da ke biye da ita kuma a hargitse yake, ido ba ya karanta shi. Ba sai ka karanta ba, ɗaukar sassan za ka yi gaba ɗaya. Tsofaffin ThinkPad kuwa a wata ƙaramar ƙwaya daban suke ajiye siriyal, wasu na'urorin kuma a ƙwayar da ke kula da madannai da caji, wadda ake kira EC. A irin waɗannan, ko ka kwana kana nema a fayil ɗin BIOS ba za ka gani ba, kuma falashin ɗin BIOS ba ya shafe ta.

Lasisin Windows yana da wata alama da ba ta kuskure. Haruffa 25 ne a rukuni biyar, in ka haɗa da 'yan sanduna huɗu da ke raba su sun zama 29, kuma 29 a lissafin heks shi ne 1D. Saboda haka canza nema zuwa Hex-values ka rubuta 01 00 00 00 00 00 00 00 1D 00 00 00. Abin da ya biyo bayan wannan jeri kai tsaye, in ka ga rukuni biyar na haruffa biyar-biyar, shi ne lasisin. Neman kalmar MSDM, sunan teburin da Windows ke karanto lasisin daga gare shi, wani lokaci yana kai ka kusa. Na'urar zamanin Windows 7 ba ta da wannan, nata lasisin a takardar da aka manna a jiki yake.

UUID ita ce mai rikita sabon shiga. Bayit 16 ce, ba a rubuta ta da haruffa, kuma rukuni uku na farko a juye suke kwanciya. Wadda Windows ya nuna maka a matsayin 00112233-4455-6677-8899-AABBCCDDEEFF, a fayil za ka same ta 33 22 11 00, sai 55 44, sai 77 66, sannan sauran a miƙe yadda suke. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi bayit shida na ƙarshe, tunda su ba sa juyawa. Ga abin da zai zaunar maka da wannan a kai: UUID ta na'urorin Dell takan fara da 4C4C4544. Juya ta, ka samu 44 45 4C 4C, wato haruffan D, E, L, L.

Mayar da su gidansu

Ka samo sabon fayil mai lafiya na samfuri ɗaya da lambar bod ɗaya, girmansa daidai da na asali. Buɗe su biyun a HxD. A tsohon, danna Ctrl+E ka zaɓi sashen DMI daga inda ya fara zuwa inda ya ƙare, ka haɗa da ɗan filin FF da ke kewaye da shi, ka kwafa. A sabon, je wannan adireshin daidai, ka duba ko abin da ke wurin irinsa ne, wato lambobin waccan na'urar ko fili. Sai ka liƙa da Ctrl+B. Ina roƙonka ka riƙe wannan: Ctrl+B yana rubutawa a kan abin da ke wurin, Ctrl+V kuwa cusawa yake yi ya ture sauran gaba, fayil ya ƙara girma, na'ura ta ƙi tashi. In HxD ya yi maka gargaɗin cewa girman fayil zai canza, fasa. Yi haka ga sashen lasisi, da GbE. Ajiye, duba girma bayit da bayit, sake buɗewa a UEFITool ka tabbatar bai kawo sabon ƙorafi ba, sannan ka goge ƙwaya, ka rubuta, ka danna Verify.

Kafin ka rubuta, tambayi mai na'ura ko faifansa a kulle yake da BitLocker. Canjin BIOS na iya sa Windows ya nemi lambar ceto mai alƙaluma 48, wadda galibi tana cikin asusunsa na Microsoft. Gara ya nemo ta tun yana gabanka.

Da ta tashi, koma kan umarnin nan na farko ka gwada abin da ta faɗa da abin da ke littafinka.

Saura magana ɗaya. Wanda ya iya mayar da siriyal ya iya canza ta, kuma wata rana wani zai shigo shagonka da na'ura ba rasit ba kwali, ya ce ka sauya mata lamba ko ka shafe. Da siriyal mai kaya ke shaida kayansa a gaban 'yan sanda, da ita makaranta ko ofis ke ƙirga abin da aka ba ma'aikaci. Ni ba na yi, kuma ban yarda yaron shagona ya yi ba. Haka lasisin da ka gani a fayil ɗin mutum nasa ne, ba a sa wa wani, kuma ba a tura fayil ɗin cikin zaurukan WhatsApp na masu gyara sai an shafe lambobinsa.

Kai kuma mai laftop, yau ɗin nan kifa ta ka ɗauki hoton takardar da ke ƙasanta tun rubutun bai goge ba. Ranar da za ka kai ta falashin, ka tafi da filashinka, ka ce wa mai gyara ya zuba maka fayil ɗin asali a ciki kafin ya rubuta komai.